Allon da ke Narkewa: Tarihin Kwafar Rubutu da Jelatin

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana da sauran farfesun ƙafar sa a lokacin hunturu ya san abin da zai tarar da safe. Romon da jiya ake kurɓa ya daskare ya zama curi guda, yana rawa in an girgiza kwanon, in an danna shi da yatsa ya lotsa ya komo. A ɗora shi bisa wuta kuwa, nan da nan sai ya narke ya koma yadda yake. Abin da ke ba shi wannan hali wani sinadari ne da ke fita daga fata da jijiya da ƙashi idan sun daɗe a wuta, wanda masana ke kira jelatin. Uwar gida ta san shi tun kafin ta san sunansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, an yi zamanin da wannan daskararren abu ya yi aikin maɗaba'a a ƙasashe da dama, har a wata ƙasa 'yan sanda suka riƙa farautarsa gida-gida kamar masu neman makami.

Sunan wannan dabara hektogiraf, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "ɗari" da "rubutu", domin masu tallarsa sun yi alkawarin kwafi ɗari daga rubutu guda. Ba safai yake cika alkawarin ba. Wajen hamsin ne abin da aka fi samu mai karantuwa. To, amma hamsin ɗin nan ta yi aikin da ya fi ƙarfin adadinta. Wannan maƙala za ta bi sawun hektogiraf daga haihuwarsa a ƙarni na 19 zuwa lokacin da injuna suka ture shi, domin nuna cewa abubuwan da aka raina shi dominsu, wato araharsa da rauninsa da saurin narkewarsa, su ne suka mai da shi maɗaba'ar wanda ba shi da maɗaba'a. Za ta kuma duba abin da tarihi ya yi asara a sanadin wannan araha.

Tsakanin Ɗaya da Dubu

Tun da Johannes Gutenberg ya fito da ɗab'i da haruffan dalma a birnin Mainz na Jamus wajen shekarar 1450, matsalar mai son kwafi dubu ta kau, muddin yana da kuɗi. Mai son kwafi ɗaya shi ma ba shi da damuwa, sai ya ɗauki alƙalami ko ya sa akawu. Wanda aka bari a tsakiya shi ne mai son talatin ko hamsin: malamin da zai raba wa ɗalibai tambayoyi, ɗan kasuwar da zai sanar da abokan hulɗa sabon farashi, sakataren ƙungiyar da zai kira taro. In ya je maɗaba'a, kuɗin jera haruffa ɗaya bayan ɗaya ya zarce buƙatarsa, tamkar a kayar da sa domin baƙo guda. In ya zauna ya kwafa da hannu, dare ya raba bai kai rabi ba, ga kurakurai suna ƙaruwa gwargwadon gajiyar hannu.

An yi ta ƙoƙarin cike wannan giɓi. A shekarar 1780, James Watt, wanda aka fi sani da gyaran injin tururi, ya yi rajistar wani matsi na kwafar wasiƙu. Akan rubuta wasiƙa da tawada ta musamman, a shimfiɗa mata jiƙaƙƙiyar takarda mai shara-shara, a matse su tare, sai takardar ta ɗebi tawadar, a karanta ta ta baya. Wannan ya wadatar da ɗan kasuwar da ke son ajiye kwafin wasiƙarsa, amma kwafi ɗaya ko biyu kawai yake bayarwa. A 1806 Ralph Wedgwood ya yi rajistar takardar kabon a Ingila, ita ma 'yan kwafi kaɗan take iyawa kafin ƙarfin alƙalami ya gaza ratsa takardu. Akwai kuma ɗab'in dutse da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796, wanda ke iya fitar da rubutun hannu ɗaruruwa, sai dai yana bukatar faffaɗan dutse mai nauyi, da matsi, da ƙwararren ma'aikaci. Har tsakiyar ƙarni na 19, mai son kwafi hamsin bai sami abin da ya dace da aljihunsa ba.

Launin da Aka Tsinta

Mafita ta zo ta hanyar da ba a zata ba. A shekarar 1856, wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan mai suna William Henry Perkin yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran da ake tatsowa daga kwaltar kwal. Kwinin bai samu ba. Abin da ya rage masa wani baƙin dagwalo ne a gindin kwalba, wanda da ya zuba masa sifirit sai ruwan ya rine ya zama shunayya. Da wannan tsintuwa aka buɗe ƙofar rinin anilin, wato launukan da ake haɗawa a masana'anta maimakon a samo su daga ganye ko saiwa. A 1861 wani Bafaranshe, Charles Lauth, ya haɗa wata shunayyar da ta fi ta Perkin kaifi, kuma ita ce daga baya ta zama tawadar hektogiraf.

Mai karatu ya san dangin wannan launi ko da bai san tarihinsa ba. Maganin nan na shafawa a miki da ake kira jibi daga gidansu ya fito, haka ma galurar da dukawa da masu saƙar tabarma ke rini da ita. Wanda ya taɓa zubar da ɗigon jibi a riga ya san halin abin: ɗan kaɗan ya rine mai yawa, kuma da ya ji danshi sai ya saki. Tawadar ofis ta wancan zamani kama takarda take yi ta zauna daram, ba ta ba kowa komai. Wannan kuwa tana da kyauta. Rubutun layi ɗaya yana ɗauke da launin da zai ishi layi hamsin, in dai an sami abin da zai karɓe shi ya riƙa raba shi kaɗan-kaɗan.

Jelatin ne ya zama mai rabon. Ana jingina ƙirƙirar ga wani mutumin Rasha, Mikhail Alisov, a shekarar 1869, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1870 wasu mutum biyu daga daular Ostiriya, Kwaysser da Husak, suka yi rajistar irin nasu, abin ya shiga kasuwannin Turai da Amurka. Rajistar ba ta hana kowa komai ba, domin asirin bai fi a faɗe shi cikin layi biyar ba. Ba a daɗe ba mujallu da littattafan dabarun gida suka riƙa buga yadda mutum zai haɗa nasa.

Yadda Ake Aiki da Shi

Ana jiƙa jelatin a ruwan sanyi har ya kumbura, a narkar da shi a wuta marar ƙarfi, a gauraya shi da gilisarin, wani ruwa mai kauri da zaƙi-zaƙi da ake samu wajen yin sabulu. Amfanin gilisarin shi ne yana riƙe danshi, don haka haɗin ba ya bushewa ya tsattsage. Wasu kan ɗiga ɗan man kanumfari don hana funfuna. Sai a juye a faranti mai faɗi marar zurfi, a fasa kumfar da ta taso, a ajiye shi a wuri mai sanyi har ya daskare, fuskarsa sumul kamar madubi.

Daga nan sai a rubuta abin da ake so a takarda mai santsi da tawadar anilin. Wannan ita ce uwar takarda. In ta bushe, a ɗan goge fuskar farantin da jiƙaƙƙen soso, a kifa ta a kai, a shafa bayanta da tafin hannu don kada iska ta maƙale, a bar ta 'yan mintoci. Da an ɗaga ta, za a ga rubutun ya koma kan jelatin a juye, kamar yadda rubutu ke fitowa a madubi. Sai a ɗauki farar takarda a shimfiɗa, a shafa, a ɗaga: ga rubutun nan ya miƙe daidai, shunayya shar. A sake shimfiɗa wata, a sake ɗagawa. Kowace takarda tana tafiya da ɗan rabonta na launi, saboda haka ta farko ta fi ta goma haske, ta goma ta fi ta arba'in, har a kai inda rubutun zai zama inuwa. In an rubuta uwar takarda da tawada launi biyu ko uku, dukkansu za su fito a shafa guda, abin da a maɗaba'ar wancan zamani sai an bi da takarda ta cikin inji sau biyu ko uku.

In an gama, farantin kamar allon almajiri yake: a wanke shi da soso, ko a bar shi kwana ɗaya ko biyu sauran launin ya nutse ƙasa, ko kuma a narkar da shi a sake zubawa. Aibobinsa ba ɓoyayyu ba ne. Da zafi yakan yi laushi ya manne wa takarda, da sanyi ya taurare ya yi rowar launi. In an bar shi a yashe funfuna ta kama shi. Tawadar kuma ba ta barin yatsu da hannun riga. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Sai dai babu ƙarfe a cikinsa, babu ƙara, ba ya bukatar gwani, kuma duk kayan haɗinsa ana samunsu a kantin magani da ɗakin girki.

Daga Aji zuwa Ramin Yaƙi

Cikin ɗan lokaci farantin ya sami gida a wuraren da maɗaba'a ba ta taɓa leƙawa ba. Gidajen abinci suka riƙa fitar da jerin abincin yini da shi, tun da gobe wani jerin za a yi. Malaman makaranta suka sami hanyar raba taswira da darasi ga kowane yaro maimakon a kwafa daga allon bango. Ofisoshi da coci-coci da ƙananan ƙungiyoyi suka riƙa yin sanarwa da shi. Kowace al'umma kuma ta raɗa masa suna daga abincin da ya yi mata kama da shi. 'Yan makarantar Ingila sun danganta shi da jeli, daskararren kayan zaƙin da suke sha bayan abinci. Japanawa sun kira shi ɗab'in konnyaku, sunan wani abincinsu mai danƙo da ake yi da garin wata saiwa, har marubucinsu Natsume Soseki ya ambace shi cikin littafinsa Botchan na 1906, inda ake raba wa malamai takardar ajandar taro.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Faransa sun fitar da ƙananan jaridu masu yawa daga bakin daga, kuma da dama daga cikinsu a kan jelatin aka yi su. Jaridu ne na barkwanci da zane da ƙorafi kan abinci da taɓo, waɗanda soja ke rubuta wa 'yan rundunarsa. Kwafi hamsin ya ishe su, domin masu karatun su ne mutanen da marubucin ke kwana da tashi da su. Daga baya, a shekarun 1930 da 1940, matasa masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka da Ingila suka riƙa yin mujallunsu da shi suna aika wa juna ta gidan waya. Marubucin nan Stephen King ya ba da labarin yadda shi da wansa suka fara fitar da jaridar unguwa da irin wannan faranti suna yara.

Abin lura a nan shi ne irin rubutun da ya samu rayuwa. Akwai maganar da ba ta kai a kai ta maɗaba'a ba, kuma ta fi ƙarfin wasiƙa guda: maganar aji, ta runduna, ta unguwa, ta ƙungiyar mutum arba'in. A da iska ke tafiya da ita. Yanzu ta sami takarda.

Ɗan Hakin da Aka Raina

Inda abin ya fi yin nauyi shi ne daular Rasha. A can ba a buɗe maɗaba'a sai da izinin hukuma, littattafai kuma suna ƙarƙashin idon masu tacewa. Masu adawa da mulkin sarki sun kafa maɗaba'u na ɓoye, amma maɗaba'a abu ce mai wuyar ɓoyewa. Haruffan dalma suna da nauyi, sai an sayo su ko an sato su, inji yana ƙara, maƙwabta suna ji. A watan Janairun 1880 'yan sanda suka afka wa maɗaba'ar ɓoye ta ƙungiyar Narodnaya Volya a birnin Petersburg, aka yi musayar wuta kafin a kama masu aikinta. Bayan 'yan wannan ƙungiya sun kashe Sarki Alexander na Biyu a 1881, matsin ya ƙara tsanani a ƙarƙashin ɗansa, Alexander na Uku.

A irin wannan yanayi ne darajar farantin ta bayyana. Ɗalibin da ya sayi gilisarin a kantin magani bai yi laifi ba. Wanda ya sayi jelatin, wataƙila abinci zai dafa. Aikin ba ya ƙara, ana iya yin sa da dare a ɗakin haya, a tura farantin ƙarƙashin gado. In an ji takun 'yan sanda, a ɗora shi a murhu, maɗaba'ar ta narke ta zama ruwa mai launi. Abin da kawai ke iya tona asirin mai ita shi ne shunayyar da ta kama masa yatsu. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Kwafi hamsin kamar ba komai ba ne a ƙasa mai miliyoyin jama'a, amma ba a nan lissafin ke tsayawa ba. Kwafi guda kan zaga hannaye da dama, a karanta shi a bayyane ga mutanen da suka taru a ɗaki, sa'an nan wani ya tafi da shi wani gari ya rubuta sabuwar uwar takarda, ya fitar da wata hamsin. Magana zarar bunu ce. Haka ya faru da rubuce-rubucen Leo Tolstoy da hukuma ta hana. Littafinsa Kreutzer Sonata, wanda ya kammala a 1889, ya karaɗe gidajen masu karatu ta kwafin hannu da na dutse da na jelatin tun kafin a yarda a buga shi, har sai da matarsa Sofiya ta gana da Sarki Alexander na Uku a 1891 ta sami izinin sa shi cikin tarin ayyukan mijinta. Hanin bai hana komai ba, sai ma ya ƙara wa littafin farin jini.

A 1894 wani matashin lauya ɗan shekara 24, Vladimir Ulyanov, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Lenin, ya rubuta dogon raddi ga 'yan aƙidar Narodnik. A ɓoye aka fitar da shi kashi uku, a kan hektogiraf. Bayan shekara 23 mutumin nan ya karɓi mulkin ƙasar, kuma gwamnatin da ya kafa, da yake ta san abin da ƙaramin kayan kwafi ke iyawa, ta tsaurara tsaro a kan injunan kwafi har kusan ƙarshen rayuwarta. Farantin dai ba ya zaɓen abin da zai ɗauka. Yadda ya ɗauki labarin Tolstoy haka ya ɗauki kiran tawaye, kuma wanda ya yi amfani da shi don neman 'yanci yana iya hana wa wasu shi in ya hau.

Taswira daga Kayan Zaƙi

Misali na biyu ya zo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A sansanin Stalag Luft III, kusa da garin Sagan wanda a yau ke cikin ƙasar Folan, Jamusawa sun tsare matuƙa jiragen yaƙi na ƙasashen ƙawance. Fursunonin suka shirya gudu ta ramin ƙarƙashin ƙasa, da niyyar fitar da mutum 200 a dare guda. Haƙa rami wani aiki ne, sanin hanya bayan an fita kuma wani. Kowane mai gudu yana bukatar taswira, kuma ba a iya zana wa mutum 200 taswirori da hannu a ƙarƙashin idon masu gadi.

Wani hafsa mai suna Desmond Plunkett ne ya jagoranci wannan sashe. A cikin ƙunshin abincin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ke aiko wa fursunoni akwai garin jeli. Sai suka jiƙa shi suka tace, suka raba sukari da ɗanɗano da jelatin ɗin, suka zuba shi a farantin da suka ƙera da gwangwani. Tawada kuma suka same ta daga bakin wani irin fensir da rubutunsa ba ya gogewa, wanda ke ɗauke da rinin anilin. Suka niƙa shi suka dafa. Da wannan suka fitar da taswirori masu ɗimbin yawa. A daren 24 ga Maris, 1944, mutum 76 suka fita. Uku ne kawai suka kai gida. An sake kama 73, kuma bisa umarnin Hitler aka harbe 50 daga cikinsu. Taswirar ba ta ceci yawancinsu ba. Amma masu gadin da suka riƙa binciken ɗakuna suna neman shebur da rediyo ba su ga abin tuhuma a kayan zaƙi ba, kuma wannan shi ne sirrin hektogiraf tun farkonsa.

Zamani Riga

Abokan hamayyarsa kusan tare suka taso. A 1881 David Gestetner ya yi rajistar alƙalaminsa mai huda takardar kakin zuma a Landan, a 1887 kuma kamfanin A. B. Dick na Shikago ya fito da injin da ya gina bisa ƙirƙirar Thomas Edison. Wannan hanya ta sitansil tana tura sabuwar tawada ta cikin hudojin, don haka kwafi ba ya raguwa da haske, ana iya fitar da ɗaruruwa. Ita ce ta haifi injin gurza takardu da ya daɗe yana fitar da tambayoyin jarrabawa a makarantunmu. A 1923 Wilhelm Ritzerfeld ya ƙirƙiro a Jamus injin da ke aiki da sifirit, wanda ya riƙe shunayyar anilin ya yar da jelatin. Sa'an nan a 1959 kamfanin da aka sani da Xerox ya fito da injinsa mai lamba 914, wanda ke ɗaukar hoton kowace takarda ba tare da an rubuta uwa ba. Daga nan kasuwar farantin ta watse.

Duk da haka bai mutu gaba ɗaya ba. Ya daɗe a makarantun ƙauye da hannun yara, inda kuɗin inji ya yi yawa. A Jamusanci sunansa ya zauna a bakin mutane, suna kiran takardun da aka gurza da wasu injuna da shi. Masu zanen jiki na zamani har yau suna amfani da takarda mai irin wannan tawada don ɗora hoton zane a kan fata kafin allura ta bi, wasu masu fasahar zane kuma suna ɗab'i a kan farantin jelatin don sha'awa.

Kammalawa

Saura abin da aka yi asara. Kyautar da ta sa tawadar anilin ta dace da wannan aiki ita ce kuma ajalinta. Launin ba ya jure haske. Takardar da aka bari a sarari takan dusashe har ta koma kusan fara, danshi kuma yana watsa rubutun. Shi ya sa ma'aikatan gidajen adana takardun tarihi ke ɓoye irin waɗannan takardu a duhu. Ga shi kuma tun asali kwafin kaɗan ne, a takarda mai araha, a hannun mutanen da sau da yawa ƙona ta ya fi musu aminci a kan ajiye ta.

Littafin nan na Lenin ya isa misali. Kashi na ɗaya da na uku sun tsira, amma na biyu har yau ba a same shi ba, alhali an kafa cibiya ta musamman don tattara duk abin da mutumin ya taɓa rubutawa. In haka ta faru da rubutun wanda ya mallaki daula, ina ga jaridar wata runduna da aka ƙarar a bakin daga, ko ƙasidar ɗaliban da aka kora zuwa Saiberiya? Littafin Gutenberg yana nan baƙi ƙirin bayan shekara fiye da 500, dokokin sarakuna da rahotannin 'yan sanda suna nan a jere. Mai nazarin tarihi da ya dogara da abin da ya tsira kaɗai zai ji muryar mai maɗaba'a da ƙarfi, ya ji ta mai faranti can ƙasa-ƙasa, har ya zaci haka abin yake a lokacin. Wajibi ne ya riƙa tuna cewa ma'aunin ya karkata tun kafin ya iso.

Wannan darasi bai tsufa ba. A yau kowa na iya aika magana ga mutum hamsin da danna waya, kuma ba wanda ya tabbatar nawa daga ciki jikokinmu za su iya buɗewa. Masu farantin jelatin ba domin jikoki suka yi ba. Sun so maganarsu ta isa ga mutanen da ke bukatarta kafin gari ya waye, ta kuwa isa. Sa'an nan suka wanke farantin, suka kifa wata takardar.